Kyamarar Baba ta fim: in gyara ta ko in nemi wata? Kuma wane lens ne zai hau kanta?

Ɗan_Mai_Hoto:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar tsofaffin kyamarori. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, sana'ar hoto ya yi tun kafin a haife ni. Da aka zo rabon kaya, akwatin ƙarfensa na kayan aiki ya faɗo a rabona. A ciki na sami kyamara an rubuta Asahi Pentax K1000, da lens guda uku, da filasha, da tarkacen su madauri da murafe. Lens ɗaya yana jikinta, SMC Pentax-M 50mm. Na biyu an rubuta Helios-44-2, bayansa na murɗawa ne kamar marfin kwalba, ya ƙi shiga. Na uku Canon FD 28mm, shi ma ya ƙi.

Na sami fim Kodak Gold 200 na saka, na ɗauki hotuna a sunan ɗiyar ƙanwata. Da aka wanke, hotuna da yawa sun fito da wani jan zane kamar harshen wuta daga gefe. Wasu kuma ɓari ɗaya ya yi duhu. Allurar da ke cikin tagar leƙe ma ba ta motsi. Shin ta mutu ke nan in ajiye ta don tunawa, in sayi wata? Ko tana gyaruwa?

Baba_Situdiyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Yaro, kada ka kuskura ka ce ta mutu. Da irinta na ciyar da iyalina shekara da shekaru. Da ƙarfin sifirin take motsi, ba ta neman batir don ta ɗauki hoto. Batirin na allurar awon haske ne kawai. Jan zanen nan haske ne ke satar shiga ta ƙofar baya. Buɗe bayan ka shafa yatsa a kwarmin da ƙofar ke zama, musamman wajen maƙalinta. In wani baƙin abu mai danƙo ya kama maka yatsa, to soson da ke toshe haske a kwarmin ne ya ruɓe.

Ummu_Haidar:
Allah ya gafarta masa. Ni dai ina biye, don mu ma akwai irin wannan akwatin a gidanmu ba wanda ya taɓa buɗewa.

Ɗan_Mai_Hoto:
Amin Baba, na gode. Yanzu na duba, wallahi kamar kwalta. Har a saman inda madubi yake bugawa akwai shi.

MaiGyara_Fagge:
Maganar Baba haka take. Amma kafin ka taɓa komai ka ɗauko nagetif ɗin, ba hoton da aka buga ba, ka ɗaga shi a haske. In tabon ya tsallake iyakar hoton ya shiga har kan ramukan gefen fim, to tabbas ta baya hasken ya shiga, domin hasken da ya bi ta lens ba ya wuce murabba'in hoton. Abin da ya sa yake fitowa ja ko ruwan lemo kuwa, ta bayan fim ɗin ya ratso.

Gyaran soso aikin gida ne in kana da haƙuri. Tsinken sakace, tsinken auduga da ɗan sifirit. Ka kankare tsohon a hankali, ka yanka sabon baƙin soso siriri ka liƙa. Wasu zaren ulu baƙi suke cusawa a kwarmin, yana yi. Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai: wancan na saman madubi, ka kifa kyamarar yadda ɓarɓashin ba zai faɗa kan farantin da ke sama da madubin ba. Farantin roba ne mai ƙananan zane, sifirit na iya ɓata shi, kuma in ya ɓaci ya ɓaci. Shi ma madubin kada ka goge shi da tsumma, shafen azurfarsa a fuskar gilashin yake, ba a baya ba kamar madubin ɗaki.

Sadiq_Dijital:
Ku yi haƙuri, amma ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Kuɗin fim, kuɗin wanki, kuɗin sikanin, duk a kan hoto 36. Wayar hannunka za ta ba ka dubu kyauta. Ka goge ta ka sa a kabad ɗin falo.

Ɗan_Mai_Hoto:
Malam Sadiq na fahimce ka, kuma da wayar nake ɗaukar hotunan yau da kullum. Amma duk hoton yarintarmu da ke cikin albam ɗin Inna da wannan kyamarar aka ɗauka. Ina so 'ya'yana su ma su shiga ta cikin gilashin da muka shiga.

Hadiza_Leeds:
Wannan amsar ta isa. Sadiq, harkar fim ba ta mutu ba fa. A 2024 Pentax suka fitar da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17, wadda take raba kowane gurbi biyu, fim mai 36 ya ba ka hoto 72. Ilford suna nan suna yin fim baƙi da fari a nan Ingila. A makarantarmu har yanzu da K1000 ake fara koya wa ɗalibai, saboda ba ta yi maka komai da kanta, dole ka fahimci haske. Daga 1976 har 1997 ana ƙera ta, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuyar samu kamar na wasu.

Gambo_Zenit:
Ku bar maganar waya mu koma kan lens, don nan na fi ƙarfi. Helios ɗin nan taka ta Tarayyar Sobiyet ce, 58mm, ita ce aka fi sayar da kyamarar Zenit da ita. Irin bakinta ana kiransa M42, shi ne na Zenit, da Praktica ta Jamus ta Gabas, da tsohuwar Pentax Spotmatic ta 1964. A 1975 Pentax suka bar na murɗawa suka koma bakin K, wanda ake sakawa a juya kaɗan ya ce ƙyas. Sa'ar da ka yi ita ce tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da fim iri ɗaya ce a duka biyun, milimita 45.46. Saboda haka adafta kawai kake bukata, zobe ne na ƙarfe ba gilashi a ciki. Ka sake lalube akwatin, zai yi wuya mahaifinka ya ajiye Helios ba tare da zoben ba.

Ta Canon kuwa ka haƙura. Tazarar FD milimita 42 ce, wato so take ta fi kusa da fim fiye da yadda jikin Pentax zai bari. Ko kan Canon EOS da suka fito daga 1987 ba ta hawa kai tsaye, balle Pentax.

Sadiq_Dijital:
A nan kam ina da abin cewa. Kada ya yar da FD ɗin. Kyamarorin dijital marasa madubi tazararsu gajera ce, ta Sony milimita 18, don haka da adafta mai arha duk lens ukun nan za su hau. Ni da tsohuwar FD nake ɗaukar bidiyon biki wani lokaci.

Gambo_Zenit:
To ka ga kai ma da tsohuwar zuma kake magani.

MaiGyara_Fagge:
Ƙarin bayani kan zoben da Malam Gambo ya ce. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda yake nutsewa cikin bakin kyamarar ya yi daidai da shi, akwai mai leɓe da ke zama a waje. Mai leɓen yana tura lens gaba kaɗan, sai ka ga abu na kusa yana fita tas amma na nesa ya ƙi saituwa, ko ka murɗa har alamar nan mai kama da takwas a kwance. Mai nutsewar za ka nema. Yana da ɗan ƙarfe da ke riƙe shi a ciki, in ka cire lens shi yana nan, sai ka danna ƙarfen da farce ko ɗan makullinsa kafin ya fito. Kada ka sa sukundireba ka ɓanɓare shi da ƙarfi.

Issoufou_Damagaram:
Sallama daga Damagaram. Ba wanda ya amsa masa zancen allura. Mu nan pil muke cewa, ku batir. Ƙarami ne guda ɗaya, LR44 ko SR44, irin na kalkuleta, ana samu wajen masu agogo. Marfinsa na ƙasan kyamara, da kwabo ake buɗewa. In ka ga farin gari ko kore a ciki, tsohon ne ya zuba, ka goge da tsinken auduga da ɗigon ruwan khal ka bari ya bushe. Gwajinsa: ka sa ASA, wato lambar ƙarfin jin hasken fim, a 100, ka kai maɓallin saurin ɗaukar hoto kan alamar B, ka leƙa. In allura ta haura sama ta tsaya, pil na da rai. Kuma ka sani ba ta da makunnin kashewa. Muddin haske na shiga lens tana shan pil, sai ka rufe da marfi.

Ɗan_Mai_Hoto:
Allah ya saka da alheri. Malam Gambo, ka yi gaskiya, zoben na cikin wata 'yar jakar fata, na ɗauka wani tarkace ne. Helios ta hau. Amma in na murɗa zoben lambobi sai tagar ta yi duhu, haka ya kamata?

Gambo_Zenit:
Haka take. Zobe biyu gare ta. Na farko ka zaɓi lambar da kake so, misali 8. Na biyu shi ke buɗewa da tsuke ƙofar da haske ke bi a cikin lens. Ka buɗe duka ka saita hoton ya fito sarai, sannan ka murɗa na biyun har ya tsaya, ka duba allura, ka ɗauka. In ka manta ba ka tsuke ba hoton zai sha haske ya yi fari fat. Hannu zai saba. Ka gwada ta a buɗe duka, a 2, ka tsayar da mutum gaban bishiyar dalbejiya rana na ratsa ganye, za ka ga bayan hoton yana juyawa kamar guguwa. Saboda wannan kaɗai mutane ke nemanta yanzu.

Baba_Situdiyo:
A zamaninmu ba ma son wannan juyawar. Mai biki so yake kowa ya fito, har yaron da ke can ƙarshen layi. Shi ya sa 8 da 11 muke zama. Amma ku dawo kan ɓarin da ya ce yana duhu, shi ya fi damuna a kan soso. Yaro, hotunan da suka yi duhun a ɗaki ka ɗauka da filasha, ko a waje?

Ɗan_Mai_Hoto:
Duka biyun Baba. Na cikin ɗaki baƙin ya yanke hoton tsaf kamar an sa rula, sama da rabi babu. Na waje kuma duhun a hankali yake shigowa daga gefe ɗaya.

Baba_Situdiyo:
To ciwo biyu ne. Na ɗaki ba laifin kyamara ba ne. Duba maɓallin sauri, kusa da 60 akwai alamar X. Da filasha ba a wuce nan. Labule biyu ne a ciki suke gudu daga gefe zuwa gefe, na farko ya buɗe, na biyu ya biyo ya rufe. A 60 zuwa ƙasa akwai lokacin da duk fuskar fim ke buɗe. In ka haura, na biyun ya riga ya taso kafin na farko ya kai, sai filasha ta haska tsagar da ke tsakaninsu kawai. Kowane mai koyo sai ya yi wannan kuskuren sau ɗaya. Na wajen kuwa bari mai gyara ya faɗa.

MaiGyara_Fagge:
Na wajen shi ne ainihin aikin. Man da ke jikin ƙafafun labulen ya bushe, ga ƙurar shekaru, sai labule na biyu ya cim ma na farko kafin su kai ƙarshe. A 500 da 1000 ya fi nunawa saboda tsagar siririya ce. Ka buɗe baya ba fim, ka cire lens, ka fuskanci farin bango mai haske, ka danna a 1000 kana kallo ta baya. Ya kamata ka ga walƙiya ta cika murabba'in daga gefe zuwa gefe. In ɓari ɗaya bai haska ba, shi ke nan. Wani lokaci in aka yi ta dannawa sau da yawa a kowane sauri tana ɗan warwarewa, amma maganin gaskiya sai an buɗe an wanke an sa man da ya dace an daidaita ƙarfin labulen.

Nura_Tudunwada:
Don Allah kada ka kai wa wanda bai san kyamara ba. Ni na kai tawa wurin wani mai gyaran rediyo, ya ce ƙaramin aiki ne, ya ɗiga mata man keken ɗinki. Kwana biyu tana aiki lafiya, daga nan man ya bi ya jiƙa labule, ya kai har ganyayyakin lens suka manne. Garin neman gira na rasa ido. Har yau tana nan a ajiye, in na gan ta raina ɓaci yake.

MaiGyara_Fagge:
Allah ya mayar da alheri. Kyamara ba ta son mai da yawa, abin da ake sawa bai kai kan allura ba, kuma a wurare ƙidayayyu. Man feshin nan na kwance tsatsa ma kada ya kusance ta.

Issoufou_Damagaram:
Tsohon mai gyaran agogon hannu ya fi mai rediyo kusa da aikin, in dai ya yarda ya bi littafin gyaran. Kuma a da masu hoton da kansu suke gyara. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba babbar lambar yabo a Venis a 2007, an san shi da gyaran kyamarori, shagonsa cike yake da su a kan kanta. Ka nemi abokan sana'ar mahaifinka da suka rage, cikinsu ba za a rasa mai hannu ba.

Kabiru_AE1:
Ni shawarata daban ce. Tunda yana da lens ɗin Canon mai kyau, kuma 28mm tana da faɗi, ta dace da taro, me zai hana ya sayi jikin Canon AE-1? Ita ma 1976 ta fito, kuma ta fi sauƙi ga mai koyo, ka zaɓi sauri ita ta zaɓa maka ƙofar haske. Kuɗin gyaran Pentax ɗin zai iya kai kuɗin jikin.

Baba_Situdiyo:
Kyamara ce mai kyau, ban musa ba. Amma ba batir ba hoto, ko dannuwa ba ta yi. Batirinta kuma mai bolt 6 ne, 4LR44, ba kowane kanti ba. Ka je ɗaukar hoto ƙauye batir ya mutu, sai ka tsaya kallon jama'a. Kuma wadda zai saya ɗin ita ma ta kusa shekara 50, ita ma sosonta ya ruɓe. Gara wadda ya san hannun da ta fito.

Kabiru_AE1:
Baba batirin yana daɗewa sosai, kuma ana saka na ajiya a aljihu. Amma na yarda da maganar soso. Wanda zai sayi AE-1 ya saurara da kyau, in ya danna ya ji wani ƙara kamar tari ko kukan ɓera, man wajen madubi ne ya bushe, sai an yi mata aiki. Ya duba ƙofar batir ma, tana yawan karyewa.

Hadiza_Leeds:
Tunda an shiga zancen saye, ga abin da ke kama mutane da yawa. Olympus OM-1 da Minolta SR-T 101 kyamarori ne na ƙwarai, amma an yi su ne don batirin zaiba mai bolt 1.35 wanda aka daina yi. In ka sa na yanzu mai 1.5 allurar za ta yi maka ƙarya. Mutane na amfani da batirin na'urar ji ta kunne mai lamba 675, shi 1.4 ne, sai dai ba ya daɗewa. K1000 ba ta da wannan matsalar. Masu Nikon kuma su kula, a 1977 aka canza tsarin lens zuwa wani sabo da ake kira AI. Tsohuwar lens ta kafin nan in ka tursasa ta kan kyamarar Nikon FM2 za ta iya lanƙwasa ɗan haƙorin da ke bakin kyamarar. Bakin ɗaya ne tun 1959, shi ya sa mutum ke zaton komai zai hau.

Alhassan_Kumasi:
Gaisuwa daga Zangon Kumasi. Ku a arewa ƙura ce abokiyar gabarku, mu nan laima ce. Ɗan'uwa ka cire kowace lens, ka buɗe ƙofarta duka, ka haska tocilan waya ta baya ka leƙa ta gaba a karkace. Ƙananan ƙura ba komai, ba sa fita a hoto. Amma in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, funfuna ce, tana cin shafen gilashi. Ka ware wannan daga sauran. Kuma ka fitar da su daga jakar fata, fata na riƙe danshi. Ni a robar abinci mai marfi nake ajiye nawa, da ƙullin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Ummu_Haidar:
Malam Alhassan ko a Kano ai watan Agusta kaya na yin funfuna a cikin sif. Na buɗe namu akwatin jiya saboda wannan hirar. Yashica ce mai ido biyu, sama da ƙasa, ana leƙawa ta sama. Fim ɗin da kuke magana zai shige ta?

Gambo_Zenit:
Hajiya a'a. In Yashica Mat ce ko ire-irenta, fim mai lamba 120 take ci, mai faɗi ne da takarda a bayansa, hoto 12 yake bayarwa masu kusurwa huɗu daidai. Har yanzu ana yin sa. Ki duba abin da aka rubuta a goshinta ki gaya mana.

Ɗan_Mai_Hoto:
Na yi gwajin tocilan, Pentax da Helios lafiya, ta Canon ce ke da ɗan zare a gefe. Na sa batir, allura ta tashi, alhamdu lillahi. Gwajin bango kuma, a 1000 gefe ɗaya ba ya haskawa, a 500 kaɗan, daga 250 zuwa ƙasa lafiya lau.

Sai wani abu da ban faɗa ba. A ƙasan akwatin akwai gwangwanin fim guda ɗaya, harshensa ya shige ciki gaba ɗaya. Jikina na ba ni mahaifina ne ya ɗauka bai wanke ba. Tun jiya nake juya shi a hannu.

Baba_Situdiyo:
Allahu akbar. In harshe ya shige, an ɗauka an naɗe ke nan, haka muke yi don kada a maimaita shi. Kada ka buɗe, kada ka bari yara su taɓa. Karanta abin da ke jikinsa.

Hadiza_Leeds:
In an rubuta C-41, wankin kala ne na yau da kullum, duk mai injin wankin fim zai iya. Ka gaya musu tsoho ne. Kalar za ta iya komawa ja-ja ko shuɗi-shuɗi, hoton ya dushe saboda zafin da ya sha, amma sau da yawa ana ganin fuskoki, kuma a kwamfuta ana farfaɗo da su bayan sikanin. In kuwa tsohon fim ɗin Kodak ne mai suna Kodachrome, tun ƙarshen 2010 aka daina wankinsa da kala a duniya, sai dai a wanke shi baƙi da fari. In za ka aika da shi ta jirgi kada ya shiga jakar da ake aunawa, na'urar binciken can ta fi ƙarfi. A riƙe a hannu a roƙi jami'an su duba da ido, musamman inda aka sa sababbin na'urorin binciken kaya da ake kira CT, su ko wucewa ɗaya na iya ɓata fim.

Nura_Tudunwada:
Ni da zan ba da shawara, kada ya fara da wannan. Ya kai wa mai wankin wani fim daban tukuna ya ga aikinsa. Na taɓa karɓar nagetif fari tas kamar leda, ko lambobin gefe babu, aka ce wai kyamarata ce.

MaiGyara_Fagge:
Wannan ba kyamara ba ce. Lambobi da sunan da ke gefen fim tun daga masana'anta aka haska su, in an wanke daidai dole su fito ko ba ka ɗauki komai ba. In lambobin sun fito amma hoto babu, to fim ɗin bai kama ba tun wajen sakawa, ko labule bai buɗe ba. In su ma babu, ruwan wankin ne. Shi ya sa in ka saka fim ka riƙa kallon maɓallin naɗewa na hagu, duk jan da ka yi ya kamata ya juya.

Issoufou_Damagaram:
Wanda ya gaji da neman mai wanki ya koyi baƙi da fari a gida. Tanki, jakar duhu, ruwan wanki kala biyu, da ma'aunin zafi. Wahalarmu ɗaya, ana son ruwan a digiri 20, mu kuwa a watan Afrilu ruwan famfo kamar an dafa. Da ƙanƙara nake saukar da shi. Lokacin hunturu da asuba ya fi daɗin aiki, sai dai wajen shanya ka rataye a banɗaki ka yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe ƙofa, in ba haka ba ƙura ta manne a jikin fim. Na kala digiri 38 yake so, kuma ba ya yafe kuskure, shi ban shiga ba.

Baba_Situdiyo:
Kafin in manta, tunda allura ta tashi. Kada ka bi ta ido rufe. Ita ba ta san farar shadda ba. In ango da abokansa sun sha farare, za ta ga haske ya yi yawa ta sa ka tsuke, sai kaya su fito toka-toka fuskoki su yi baƙi ƙirin. Ka matsa kusa ka auna a fuska, ko ka ƙara buɗewa mataki ɗaya. Kuma ka riƙe wannan ko batir ya mutu: rana tsaka, fim 200, sauri 250, ƙofa 16. In akwai hazo 11. Ƙarƙashin inuwar bishiya ko rumfa 5.6. Sabon fim kuma a firji, ka fitar da shi ya huce a cikin robarsa kafin ka buɗe.

Kabiru_AE1:
Kun ga ke nan ba ya ma bukatar 1000 ɗin. Ya zauna a 250 ya bar ta haka.

Gambo_Zenit:
In yana son buɗe Helios a 2 da rana dole ya nemi saurin sama. Ko da yake Zenit ɗina a 500 ta tsaya kuma ban rasa komai ba, da yamma nake ɗauka.

Ɗan_Mai_Hoto:
'Yan uwa ga inda aka kwana bayan sati uku. Ban sami soson ba tukuna, sai na kankare tsohon, na saka sabon fim na bi gefen ƙofar da baƙin tef na masu wayarin. An wanke jiya. Jan zanen ya tafi gaba ɗaya. Ban wuce 250 ba, da filasha kuma na tsaya a 60, duka 36 sun fito. Akwai ɗaya na Inna a bakin ƙofar ɗakinta da Helios, da ta gani ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, sannan ta ce in sa mata a albam ɗin.

Gwangwanin Baba C-41 ne. Mai wankin nan aikinsa ya yi kyau, amma har yanzu ban iya miƙa masa ba. Zancen buɗe kyamarar kuma ina ta tunani. Na sami wani dattijo abokin Baba da ya ce zai duba ta, amma idonsa ya yi rauni, shi da kansa ya faɗa.

MaiGyara_Fagge:
Ma sha Allah. Ni dai ina kan bakana, a yi mata aikin. Busasshen mai ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau 1000 ne, baɗi zai sauko 250. Ka zauna kusa da dattijon, shi ya faɗa kai ka zama idonsa.

Nura_Tudunwada:
Ni kuma na ce abin da ke aiki a bar shi. Tef ɗin ma ya isa.

Baba_Situdiyo:
Tef zai bar danƙo a jikin fata in zafi ya zo, a nemi soson. Fim ɗin mahaifinka kuwa kada ka ƙara masa wata bazarar, kowane zafi rage shi yake. Ka kai ranar da ka ji zuciyarka ta natsu, amma kafin azumi.

Ummu_Haidar:
Allah ya sa a ga alheri a ciki. Malam Gambo na duba, Yashica Mat-124G aka rubuta. Hannun gefen yana juyawa amma maɓallin ya ƙi dannuwa, kuma akwai wani ɗan ƙarfe a ƙasan lens da ya tsaya a tsakiya. In tura shi ko in bari?

MaiGyara_Fagge:
Hajiya kada ki tura. Zai iya zama na ɗaukar hoto da jinkiri ne ya maƙale, in aka matsa masa karyewa yake. Ɗauko hoton gaban kyamarar da waya ki saka mana nan mu gani tukuna.